Inda Agogo Ya Makara

A shagon wanki da guga da ke kwanar titin asibiti akwai wani dattijo siriri da ake kira Agogo. In ka kai masa riga ya ce ka dawo ƙarfe huɗu, to ƙarfe huɗun za ka tarar da ita a rataye, kwalarta a tsaye kamar ta yi fushi. Mutanen unguwa sun ɗauka daga nan sunan ya samo asali, shi kuwa bai taɓa gyara musu zance ba. Ba mutum ne mai son dogon bayani ba. Gaisuwa ma in ta yi tsawo, sai ka ga ya fara satar kallon dutsen gugarsa.

Gaskiyar magana, sunan ya girmi shagon. An raɗa masa shi tun yana saurayi, lokacin da yake makaɗin ganguna a wata ƙungiyar mawaƙan zamani, masu jita da lasifika, da ake kira 'Yan Bene saboda a saman shagon wani kafinta suke gwajin kiɗa. Su huɗu ne. Akwai Dogo mai waƙa, da Bahago mai jita, da Shiru mai babbar jita, wanda kan wuni bai ce uffan ba, sai shi Agogo a can baya. Bahago yakan ce in agogon bango ya tsaya, a saurari ƙafar wannan mutumin a saita shi. Yabon kuwa ya shiga kansa, ba ƙarya. Wani da kyau yake taƙama, wani da dangi, shi abin taƙamarsa ɗaya ne a duniya, hannunsa bai taɓa makara ba.

Sun shekara uku suna kiɗa a ɗakunan taron da kujeru suka fi mutane yawa, kafin wani kamfani ya ba su awa biyu a situdiyo su ɗauki waƙa ɗaya. A wancan zamanin ba a yanka waƙa gunduwa-gunduwa a ɗinke. Kowa zai shiga ɗaki ɗaya, a kunna jar fitila, a buga daga farko har ƙarshe, in wani ya kuskure a koma baya. Dogo ne ya rubuta waƙar, sunanta "Kin Bar Taga a Buɗe". Bayan amshi na biyu akwai wurin da komai ke tsayawa cak, jita ta yi shiru, murya ta yi shiru, kowa ya ƙirga huɗu a zuci, sannan ganga ta faɗo ta dawo da su gaba ɗaya. Wannan faɗowar aikin Agogo ce, kuma ko daga barci aka tashe shi zai iya ta.

A lokacin watansa biyar da aure. Matarsa malamar firamare ce, kuma Malama yake kiranta, da farko don tsokana, daga baya ya zama shi ne sunan. Ba ta taɓa zuwa kallon kiɗansa ba, takan ce hayaniyar yara arba'in ta ishe ta a rana. Ranar ɗaukar waƙar ya fita a gaggauce, ya manta jakar sandunansa na ajiya a kan gado. Sama kuma ta tsuge da ruwa. A situdiyo sun ɓata ɗauka shida, sau uku Dogo ya manta baiti, sau biyu tsirkiyar Bahago ta tsinke, sau ɗaya wuta ta ɗauke. Ta bakwai kuwa sai ta kama tafiya sumul. Aka zo wurin shirun, Agogo ya ɗaga kai yana ƙirga, sai ƙofar da ke bayan gilashi ta buɗe. Malama ce ta shigo, jiƙe sharkaf, ɗankwali ya manne mata a goshi. Ta ɗaga jakar sandunan sama tana yi masa hararar wasa, irin wadda take yi wa ɗalibin da ya manta littafinsa. Ya ƙirga huɗu, hannu bai sauka ba, kallonta kawai yake yi. Da ya farga ya saki sanda, ya riga ya makara da kamar rabin numfashi.

Ana kashe jar fitila ya miƙe ya ce a sake. Amma lokacinsu ya ƙare, wasu mawaƙan na tsaye a baranda da kayansu. Mai ɗaukar sauti ya ce shi bai ji wani aibu ba. Dogo ya ce ai hakan ma ya fi daɗi.

"Ya fi daɗi?" in ji Agogo. "Kuskure ne fa. Duk makaɗin da ya ji zai san na makara."

"Makaɗa nawa ne a garin nan?" in ji Dogo. "Kai dai bar mutane su ji waƙa."

"In kuka fitar da ita haka, ku nemi wani."

Sun ɗauka zafin rai ne, gobe zai huce. Ashe ba su gama saninsa ba. Ranar da faifan ya fito, ya tattara gangunansa ya sauko daga bene, ko waiwaye bai yi ba.

Sati biyu ba wanda ya kula da waƙar. Sai wata mai gabatar da shirin safe a rediyo ta saka ta sau uku a rana ɗaya, daga nan abin ya ɓarke. Ta yi sati goma sha ɗaya a saman jerin zaɓin masu sauraro. Ka shiga bas ita ce, ka zauna aski ita ce, makanikai na rera ta da fito a ƙarƙashin mota. 'Yan Bene suka koma kiɗa a filayen wasa, suka shiga jirgin sama, Dogo ya fara saka tabarau ko rana ba ta fito ba. Abin haushin kuma, wurin da mutane suka fi so shi ne dai wurin makarar. In aka zo shirun, dubban mutane za su ɗaga hannu su riƙe numfashi, ganga ta ƙi zuwa, ta ƙi zuwa, tana faɗowa fili ya kaure da ihu. Wata jarida ta rubuta cewa makaɗin nan gwani ne da ya san darajar jinkiri. Agogo ya karanta, ya yage shafin ya naɗe takalmi da shi. Taurin kai in ya kai wani matsayi sai dai a tsaya ana kallo, duniya na tafa wa mutum shi yana toshe kunne.

Ya sayar da gangunan, ya kama aikin guga a wani otal, daga baya ya dawo wannan shagon na titin asibiti. Kuma ya iya gugar, don aiki ne da ke son mai tsari: kafaɗa, baya, gaba, hannu, kwala, kullum a jere ɗaya. Allah ya ba su 'ya guda, suna kiranta Auta, ko da yake ba ta da yaya ko ɗaya da za ta yi wa autanci. Gidansu ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida, rediyo kuma a kan tebur inda Malama ke duba littattafan ɗalibai. Duk sanda aka sako waƙar, sai ya miƙa hannu ta gabanta ya kashe.

"Haba, bar mana ita ko sau ɗaya," in ji Malama.

"Hayaniya ce kawai."

Sai ta yi murmushi ta ci gaba da jan birinta. Bai taɓa gaya mata dalilin makarar ba. Da farko haushi ne, don can ƙasan ransa yana ganin da laifinta, wa ya ce ta shigo a daidai lokacin? Daga baya kunya ce, ƙato da shi a ce kallon mace ya sa shi sakin aiki. Daga baya kuma maganar ta tsufa, ya ga babu gaggawa, wata rana zai faɗa mata su yi dariya.

Shekara huɗu ke nan da Malama ta rasu, bayan jinyar da ba ta kai wata ba. Auta na can wani gari mai nisa tana aikin jinya, takan kira shi duk ranar Lahadi. Sauran kwana shida kuwa shi ne da gidan. Jan biron Malama na nan cikin kofi a kan tebur, kujerarta na nan, bai taɓa zama a kanta ba. Tukunyarsu ta yi wa mutum ɗaya girma, kullum sai ya rage abinci, kullum kuma sai ya manta ya sake dafa na mutum biyu. Akwai ranakun da in ba "ƙarfe huɗu" da yake ce wa masu kawo wanki ba, ba ya jin muryar kansa. Kaɗaici ya dame shi ƙwarai, amma ba irin mutumin da zai je ya zauna a majalisa ya ce kaɗaici ya dame shi ba ne.

Wata Asabar da hantsi yana shago, ana shirin tsofaffin waƙoƙi a rediyo, sai ga waƙar tasu an sako. Hannuwansa biyu na riƙe da jiƙaƙƙen zanen gado, ya rasa inda zai ajiye, kafin ya kai ga rediyon an zo wurin shirun. Yana tsaye, sai ya ga ƙofa ta buɗe, ya ga ɗankwalin a manne a goshi, ya ga jakar a sama, har hararar. Ganga ta faɗo, komai ya ɓace. Ya zauna a kan kwandon kaya ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza.

Tun daga ranar bai ƙara bari shirin ya wuce shi ba. Ba kullum suke saka ta ba, wani lokaci sai a yi sati uku. Auta ta saka masa ita a waya, amma bai taɓa kunnawa ba. Ya fi son ta zo masa ba zato, kamar yadda Malama ta zo ran nan. Hotunan Malama duk a zaune take ko a tsaye, ta ƙame tana kallon mai hoto. A duk faɗin duniya wuri ɗaya ne ya rage inda take motsi, take shigowa, kuma wurin bai fi rabin numfashi ba.

Ana haka, wata Talata da rana wata baƙar mota ta tsaya a ƙofar shago. Wani dogon mutum mai tumbi ya fito, gashinsa ya sha rini har yana ƙyalli. Dogo ne. Tsawon na nan, sai faɗi da ya ƙaru.

"Agogo, ashe kana raye."

"Ga ni kuwa. Wanki ka kawo?"

"Shekara talatin da ɗaya, abin da za ka tambaye ni ke nan?"

Ya ja benci ya zauna ba tare da an ce ya zauna ba. Ya ce Shiru ya rasu bara, ya tafi kamar yadda ya zauna, ba wanda ya ji motsinsa. Sannan ya shiga abin da ya kawo shi. Danshi ya cinye ainihin tef ɗin waƙar a ma'ajiyar kamfani, kwafin da ke gidajen rediyo kuma duk sun tsufa suna shuu. Za a sake ɗaukarta sabuwa, da ta fito za a raba wa tashoshi a janye tsohuwar.

"Makaɗa biyar muka yi bayanka," in ji Dogo. "Kowannensu ya koyi makarar nan, amma ƙirga ta suke yi, sai ta fito kamar tarin ƙarya. A fili da ihun mutane ba a ganewa, a situdiyo kuwa ba ta ɓuya. Injiniya ya ce gara a miƙe ta kawai, ganga ta faɗo a kan huɗu yadda aka tsara tun farko. Na ce a bari in gwada ka tukuna. In ka ƙi, shi ke nan, burinka ya cika, za a gyara maka kuskurenka."

Abin da ya kwashe rabin rayuwarsa yana nema ke nan aka kawo masa har ƙofar shago, amma ko kaɗan bai yi murna ba. In aka miƙe wurin, ranar Asabar za ta zo, waƙar za ta zo, ƙofa ba za ta sake buɗewa ba. Ya kife dutsen guga a mazauninsa.

"Yaushe ne?"

Dogo ya buɗe baki, don ya zo da shirin lallashi na awa guda. "Jibi da safe," ya ce.

Kwana biyun nan Agogo ya yi su yana buga matashin kai da cokulan katako in ya dawo daga aiki. Wuyan hannu ya yi tsami, amma ƙirgar na nan daram.

Situdiyon yanzu ba irin na da ba ne, duk allunan kwamfuta ne da sanyin na'ura. Bahago ya yi furfura, ya rungume shi har da ƙwalla. An jera gangunan a kusurwa suna fuskantar bango. Aka fara, aka zo wurin shirun, Agogo ya faɗo daidai a kan huɗu, ko gashi bai kauce ba. Aka sake, haka. Aka sake, haka. Hannun da ya shekara talatin yana gyara kuskuren nan a zuci, yau an ce ya maimaita shi ya ƙi ƙememe. Da ya gwada jinkirtawa da gangan, Bahago ya girgiza kai.

"Wannan irin ta makaɗinmu na uku ce. Shi ma haka yake yi, kamar mai jiran a ba shi izini."

Injiniyan, wani mai gemu da haƙuri, ya kira shi ya nuna masa tsohuwar waƙar a allo, ga layuka sun yi tudu, ga ɗan fili a tsakani. Ya ce ga tsawon makarar nan a aune, in ya riƙe shi a ka zai dace.

"Ba a ka take ba," in ji Agogo.

"To a ina take?" in ji Dogo, ya fara gajiya. "Ɗauka takwas ke nan. Faɗa mana abin da ka yi ran nan mana, mu taimaka maka."

Ya dube su. Maganar da bai iya faɗa wa mai ita ba, ba Dogo zai faɗa wa ba.

"Ku juya min gangunan su kalli ƙofa," ya ce.

Suka dubi juna, amma suka juya. Aka fara ta tara. Baiti na farko ya wuce, amshi ya wuce, na biyu ya wuce, komai ya tsaya cak. Agogo ya ɗaga kai. Ga gilashi, ga ƙofa a bayansa, ruwan toka, da mariƙin ƙarfe. Ya ƙirga huɗu. Da hankalinsa, ya san inda ya kai Malama ya baro ta, ya san ba mai zuwa. Duk da haka hannun ya tsaya a sama yana jira, ko mariƙin zai motsa. Bai motsa ba. Ya saki sanda, ganga ta faɗo, ya kai waƙar ƙarshe bai san yadda aka yi ba.

Dogo ya yi tsalle da tumbinsa, Bahago na ihu yana cewa ita ce, wallahi ita ce. Injiniya ya duba allo ya ce ta ɗan fi tsohuwar tsawo kaɗan, ko a rage?

"Ka taɓa ta mu ɓata," in ji Dogo.

Suka ce ya tsaya a ci abinci, Dogo har ya fara zancen ya bi su yawon wasanni. Agogo ya ajiye sandunan a kan ganga ya ce yana da rigunan mutane ƙarfe huɗu. Ya hau bas ya koma shago.

Bayan wata ɗaya da rabi, ranar Asabar da hantsi, aka sako sabuwar. Yana cikin gugar wata farar riga. Sautin tas, ba shuu ko kaɗan, muryar Dogo ta yi kauri amma ta zauna. Aka zo wurin, ya riƙe numfashi ya jira. Abin da ya gani ƙofa ce ruwan toka a rufe, da tsoho a bayan ganguna yana kallonta. A tsohuwar waƙar shigowa aka yi, a wannan jira ake yi. Ya ceci wurin, amma babu kowa a ciki, kuma ya san duk Asabar ɗin da ta rage masa haka zai riƙa ji.

Sai wayarsa ta yi ƙara. Auta ce, ga shi ba Lahadi ba.

"Baba! Yanzu na ji ta a rediyon wurin aiki. Ashe ba su cire wurin Mama ba!"

"Wurin wa?"

"Wurin Mama mana. Inda ta shigo da jakar sanduna ka tsaya kallonta."

Ya dafa teburin guga. "Wa ya gaya miki wannan?"

"Ita mana, tun ina firamare. In ka tafi aiki aka sako waƙar, sai ta ƙure rediyo, ta ajiye biro. In an zo wurin ta kama hannuna ta ce in saurara. Amma ta ce kada in kuskura in yi maka maganar, wai kunya za ka ji, ka ƙara tsanar waƙar."

Ya tuna hannunsa yana wucewa ta gaban fuskarta zuwa ga rediyo, ba sau ɗaya ba, ba sau ɗari ba, da murmushin da take yi ta koma kan littattafanta. Ashe duk tsawon shekarun nan abin da yake ɓoyewa yana hannunta, tana ajiye masa.

Ƙauri ne ya dawo da shi. Ya ɗaga dutsen, ga shatinsa baƙi ƙirin a bayan farar rigar mutane. Shekara ashirin da shida a shagon nan, yau ne ya fara ƙona kaya. Ya ajiye dutsen a gefe, ya ja benci ya zauna, ya gyara riƙon wayar.

"Baba, kana ji na?"

"Ina jin ki, Auta. In an zo wurin, me take cewa? Faɗa min yadda take faɗa."